Munkaila Tafinta da Tuwon Auta

Wanda ya sauka a tashar Dogon Dutsi ya ce a kai shi gidan Munkaila, 'yan kabu-kabu za su tsaya suna kallonsa, domin Munkailan garin sun fi goma. Amma ya ce Tafinta, kafin ya rufe baki wani ya tayar da babur. Ba tafintan kotu ba ne, bai kuma taɓa tsayawa bayan wani babban mutum yana juya masa magana ba. A gefen tele, wato talabijin, ya yi tsayuwarsa, shekara goma sha biyu, da 'yar tsumagiya a hannu, yana mayar da Faransancin fim zuwa Hausa. Yanzu dattijo ne mai gyaran rediyo da tocila a wata 'yar rumfa bakin kwalta. Gemu ya yi fari, sana'ar ta mutu, sunan dai ya ƙi sakinsa.

A wani ƙauye kusa da Sukukutane aka haife shi. Ya yi lakwal har aji shida, jarrabawa ta kayar da shi sau biyu, mahaifinsa ya ce to ga gona nan tana jira. Damina biyu ya ba gonar, a ta uku ya ɗare bayan motar albasa ya zama karen mota tsakanin Dutsi da Kwatano. A can Faransancinsa ya goge, ba irin na malaman lakwal ba, irin na bakin tashar jiragen ruwa, mai sauri da ƙarancin kunya. A cikin wannan kai-komo ya auri Habsatu mai tuyar ƙosai, wadda bakinta ya fi man kaskonta zafi. Suka haifi Shu'aibu, bayan shekara huɗu suka haifi Firdausi. Da gwiwoyinsa suka gaji da hawa da sauka, sai ya dawo gida gaba ɗaya, da tele guda, da na'urar kaset, da ƙaramin janareta mai yawan tari, da kwali cike da finafinai. Ya kafa rumfar kallo a jikin gidansa, zana ɗaya ce tsakaninta da tsakar gida.

Manya suna zuwa kallon dambe da harbe-harbe. Amma Laraba da yamma, da babu lakwal, da kuma Lahadi, rumfar ta yara ce, kuma abu guda suke zuwa gani. Wani fim ne na zane da mutanen Japan suka yi, aka juya shi zuwa Faransanci, kaset tara cur. Labarin wani mutum-mutumin ƙarfe ne, wanda tsayinsa ya kusa na dutsen da garin ya ci sunansa. Ana shiga ƙirjinsa a tuƙa shi kamar tirela, aikinsa kuwa kare wani gari na bakin teku daga dodannin da ke fitowa daga ruwa. Sunayen mutanen fim ɗin sun ƙi zama a bakin kowa, sai Munkaila ya raɗa musu nasa, ba rago ba goro. Ƙaton ya zama Baban Ƙarfe. Saurayin da ke tuƙa shi ya zama Auta. Uwar saurayin kuwa Tsohuwa kawai ake ce mata, kowa ya san da wa ake.

Munkaila ya so fim ɗin nan so na gaskiya, ba don yana ci da shi kaɗai ba. Baban Ƙarfe yana da nauyi. In ya ɗaga ƙafa sai ya ɗan jima kafin ya sauke ta, kamar jakin da aka lafta wa buhu biyu a rairayi. Yana lotsewa, yana tsatsa, akwai ranar da aka cinye rabin kaset makanikai suna fama da gwiwarsa. Kuma duk irin artabun da aka sha, da yamma Auta zai koma gida ya tarar Tsohuwa ta rufe masa abinci a kwano, ya zauna yana ci tana yi masa faɗan bai wanke hannu ba. A zanen shinkafa ce, a bakin Munkaila kuwa tuwon hatsi ne da miyar kuka, kuma babu yaron da ya taɓa musa masa. Yana da wata taƙama a sana'arsa: ba ya kallon kaset kafin ya sa wa jama'a. Tare da yaran yake ganin komai, abin da ya fito daga tele ya kama shi da zafinsa ya miƙa musu.

Kaset uku na farko Habsatu ta gan su da idonta, daga bakin rumfa inda take tuya. Takan ce, "Wanga ƙaton banza, kai awa tukunya, shi kuka ɓata ma yini?" Amma in an zo wurin cin tuwon Auta sai ka ji ƙosai yana ƙauri. A kaset na huɗu ta fara ƙorafin hayaƙi ya yi yawa, alhali babu hayaƙi. A na shida ta zuba ƙulli a gefen kasko. Ta daina tuya, ta koma bayan zana da tabarmarta, daga can take sauraro.

Daga nan fassarar Munkaila ta canja. Ya fara faɗin abin da ba magana ba: ga teku ta yi kore, ga Auta ya sa jar riga, ga Tsohuwa tana gyara ɗankwali. Yara suka ɗauka sabon salo ne ya samo. Babu wanda ya lura cewa zanar yake fuskanta in yana magana, ba su ba.

An je wurin malamai an sha rubutu. Gwaggonta ta ja ta har Lugu wurin masu iskoki. A ƙarshe aka sayar da tumaki aka tafi wani asibitin ido mai nisa. Likita ya haska, ya sake haskawa, ya ja Munkaila gefe ya ce jijiyar ta riga ta mutu, babu abin da magani ko wuƙa za su yi. Gefen da ya ja shi bai yi nisa ba, Habsatu ta ji komai.

Kwana biyu da dawowarsu Laraba ta zo, kuma ranar kaset na tara ce. Baban Ƙarfe ya rungumi uban dodannin ya nutse da shi cikin teku. Ruwa ya yi haske, sannan ya lafa. Aka nuna Tsohuwa a bakin ƙofa, kwano a rufe a gefenta, tana kallon hanya. Wata murya ta faɗa da Faransanci, ba kwana-kwana, cewa Auta ya mutu a ƙarƙashin ruwa, kuma an rasa wanda zai iya zuwa ya gaya wa uwarsa. Munkaila ya buɗe baki, sai ya ji motsin tabarma a bayan zana. Matar da ta ji kwanan nan cewa ba za ta sake ganin fuskar 'ya'yanta ba tana jiran ta ji yadda aka ƙare. Ya ɗaga tsumagiya ya nuna Tsohuwa.

"Auta ya aiko ma Tsohuwa da saƙo," in ji shi. "Yac ce ya tahi ƙasa mai nisa gyaran Baban Ƙarhe. Yac ce, ki aje mini tuwo, ina nan tahe."

Ƙananan yara suka yi tafi. 'Yan manyan aji, waɗanda Faransanci ya fara zama a kunnensu, suka yi tsit, wasu suna jan hanci. Shu'aibu yana ɗan shekara tara a lokacin. Ya jira rumfa ta watse ya ce, "Baba, ba haka anka ce ba." Munkaila ya nuna masa zana da haɓa, ya ɗora yatsa a baki. Shu'aibu ya gane. Ranar ko loma ɗaya bai kai bakinsa ba.

Shekaru suka yi ta tafiya. Salula ta shigo, kowa ya sa gidan kallonsa a aljihu, rumfar Munkaila ta koma ta awaki, shi kuma ya koma gyaran rediyo. Firdausi ta yi aure a Doso. Shu'aibu ya zama makanikin babur, kuma duk garin an san inda ya samo son sifana. Shi ne ɗan fari, don haka Habsatu ba ta taɓa kama sunansa ba tun ranar da aka raɗa shi. "Yayan Firdausi" take cewa, ko "mutumin nan". In an yabe shi a gabanta ta kawar da kai, in ya yi tari a ɗaki ta kasa zama. Da zancen zinariyar arewa ya cika gari, ya ce zai je ya riƙa gyara wa masu haƙa injuna, shekara ɗaya ya dawo ya buɗe gareji. Ya tafi. Duk Juma'a yakan kira, ya gaisa da ubansa, a miƙa wa uwar ta ce, "To, madalla, Allah shi tsare," ta mayar da wayar da sauri, sannan ta yini tana tambayar me ya ce.

Wata Talata da hantsi, shekara biyu da tafiyar, wani saurayi Bafulatani mai suna Abdulmajid ya tsaya a rumfar gyaran rediyo ya tambayi Tafinta. Daga arewa yake, zai wuce rugarsu. Tare suke aiki da Shu'aibu. Injin jan ƙasa ya tsaya a cikin rami, Shu'aibu ya sauka ya duba shi, ramin ya rufta. Sun tono shi, sun yi masa sutura da salla, sun rufe shi a gindin wani dutse. Abdulmajid ya miƙa wani ƙunshin tsumma, a ciki akwai salula mai fasasshiyar fuska da sifana lamba goma. Munkaila ya roƙe shi ya wuce kada ya gaya wa kowa tukuna, shi zai gaya wa uwar da bakinsa. Da wannan niyyar ya nufi gida, Allah shi ne shaida.

Ya tarar da ita tana tankaɗe. Watan da ya wuce aka ce musu a asibiti jininta ya hau, a kiyaye ta da tashin hankali. Ta ji takunsa ta ce, "Tahinta, yau da wuri? Juma'a biyu ke nan shiru. Akwai labarin mutanen arewa?"

Ya tsaya. Ƙunshin yana cikin aljihu yana danna masa cinya. Sai ya ga hannunsa ya zaro tasa wayar, ya ji bakinsa ya kama aiki shi kaɗai yadda ya saba.

"Akwai. Sun matsa gaba, inda rezon waya ba ya ɗaukar murya, sai rubutu. Ga abin da yac ce: Ina gaida kowa da kowa. Injuna sun yi ma mutum guda yawa, amma lahiya lau nike. A gaya ma Inna ta rage gishiri. Ki aje mini tuwo, ina nan tahe."

Rariya ta tsaya a hannun Habsatu na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba da motsi. "To, madalla," ta ce. "Allah shi tsare."

Tun daga ranar, in ta kwashe tuwo kwano uku take zubawa, ta rufe na ukun da faifai ta ajiye. Da safe ta ɗumama shi ta tura wa Munkaila, wai kada a yi asarar hatsi. Haka ya yi shekara uku yana karya kumallo da tuwon ɗansa. Duk Juma'a sai ya tsara sabon saƙo a kan hanyarsa ta dawowa daga masallaci. Ya sa Shu'aibu ya yi zazzaɓi ya warke, ya sa shi ya samu maigida mai kirki, har ya sa shi ya sayi baƙin tabarau. Abin da ake karanta wa uwar shi ake gaya wa Firdausi in ta kira daga Doso. Ƙunshin kuwa ya cusa shi a ƙasan kwalin tsofaffin kaset. Wani lokaci yakan sayi masa ya raba a ƙofar masallaci, bai taɓa cewa sadakar wane ce ba.

Kada wani ya ce ya kyauta. Bai kyauta ba. Ya hana yaro addu'ar jama'a, ya hana uwa zaman makoki, ya bar ƙanwa tana tanadin yadin da za ta ba yayanta ranar da ya dawo. Shi ma ya sani. Sau nawa ya shigo gida da maganar a kan harshe, ya ga kwanon nan na uku a rufe, ya haɗiye ta. Tsoro yake ji kada labarin ya kashe ta. Akwai kuma wani tsoron da ya fi wannan cin ransa. Shekara da shekaru shi ne idon Habsatu, abin da ya ce fari shi ne fari a wurinta. In ta gane idon nan yana yi mata ƙarya, bai san da me za ta sake yarda a duniya ba.

Rabilu ne ya kawo abin da ya warware komai, kuma da murnarsa ya kawo shi. Yana cikin 'yan manyan ajin nan da suka ja hanci a rumfa. Yanzu magidanci ne, da gemu da ɗangalallen wando da shagon sayar da salula kusa da kasuwa. Ya tsaya a ƙofar gida bayan la'asar ya rangaɗa sallama da muryar da duk unguwa ta ji.

"Baba Tahinta, albishirinka! An yi na biyu! Baban Ƙarhe ya dawo, wallahi. Kuma da Hausa yake, masu hwassara na Najeriya sun juya shi. Ga shi na zuba maka a kati."

"Kai da ka hana ƙannenka kallo?" in ji Munkaila.

"Wanga zane na, Baba, ba rawa ba waƙa."

Daga tsakar gida muryar Habsatu ta taso. "Auta ya ƙare gyaran ke nan? To, a kawo muna mu ji. Tsohuwa ta sha jira."

Munkaila ya karɓi katin. Fim da Hausa ba ya bukatar tafinta, kai tsaye zai shiga kunnenta. Washegari ya yi abin da bai taɓa yi ba a sana'arsa, ya je shagon Rabilu ya ce a sa masa ya fara gani shi kaɗai.

Abin da ya fara ba shi haushi ƙyalli ne. Sabon Baban Ƙarfe sumul yake kamar kwanon amarya, siriri, har da fukafukai, yana tashi sama yana juyi. Ba ya lotsewa. In an fille masa hannu, kafin ka ƙifta ido wani ya tsiro, makaniki ko ɗaya babu a fim ɗin. A da, ƙato guda gari ya dogara da shi, in ya faɗi kowa ya shiga uku. Yanzu su bakwai ne kala-kala, kowanne da matuƙinsa mai shuɗin gashi ko ja, suna ta ihu a kan juna. Aka cinye kashi uku babu wanda ya zauna ya ci abinci. Masu fassarar kuma, su biyar ko shida, suna ta cusa barkwanci inda ba muhallinsa ba.

"Ka ga kalite, Baba, aiki mai kyau?" in ji Rabilu.

"Na ga ƙyalli. Wancan in ya taka ƙasa har cikin haƙoranka kaka ji. Wanga kuwa gwangwani na. Wa ka gyara shi? Wa ka ba su tuwo? Mutanen da ba su cin abinci, mi za ka ji in sun mutu?"

"Dakata dai. Ba ka ga kashi na huɗu ba."

A kashi na huɗu ihun ya tsaya. Masu nutso suka gano tsohon Baban Ƙarfe a ƙarƙashin teku, ya yi tsatsa, ciyawar ruwa ta lulluɓe shi. Aka fasa ƙirjinsa aka fito da hular kwanon Auta. Wata budurwa daga cikin sababbin matuƙan ta rungume ta, ta bi wata 'yar hanya da Munkaila ya gane tun kafin a nuna ƙarshenta. Tsohuwa tana nan a bakin ƙofa, ta ranƙwafa, kwano a rufe a gefenta. Ta karɓi hular ta shafa.

"Tun yaushe kuka sani?" ta ce.

Budurwar ta ce tun da daɗewa.

"Kuka bar ni ina ta dafa wa wanda ba ya ci. Da kun gaya mini, da na yi kukana tun ina da ƙarfin yinsa."

A nan ko masu barkwancin ba su sa baki ba. Rabilu ya goge ido da hannun riga yana dariyar ƙarfin hali. "Ka tuna, Baba? Kai kac ce muna ya tahi gyara. Mu mun ji abin da anka ce, munka ƙyale ka." Munkaila ya tashi ya fita ba sallama, har hularsa ya manta a kan benci.

A hanya ya yanke hukuncinsa, irin na wanda ya san aikin. Na farko ya fi na biyu nauyi, ya fi shi haƙuri, ya fi shi sanin mutane, ko kusa ba a haɗa su. Abu guda na biyun ya yi wanda na farko ya kasa, ya je ya tsaya a ƙofar Tsohuwa ya gaya mata.

Mako guda yana zille-zille. Yau batir ya mutu, gobe katin ya ƙi buɗewa, jibi Rabilu ya yi tafiya. Habsatu ba ta yi masa gardama ba, kullum dai sai ta tambaya. Ran Laraba ya dawo daga sallar la'asar ya tarar ta shimfiɗa tabarma a jikin tsohuwar zanar nan, daidai inda take zama a da.

"Yau Laraba ta, ba lakwal," ta ce. "Zamna. Bar mini hwaɗace-hwaɗacen, kai ni wurin Tsohuwa."

Ya zauna. Ya nemo kashi na huɗu, ya danne muryar har ƙasa. "Muryar ta lalace, Innar Firdausi. Ni za ni hwassara miki."

"Dama taka nika so."

Ya gyara murya, tsohuwar muryar rumfa. "Ga teku nan, ta yi shuɗi. Ga Baban Ƙarhe ya hito, an yi mai sabon henti, sai ƙyalli shikai. Ga Auta ya sauko. Ya yi ƙiba, har ya aje gemu." A fuskar wayar budurwar nan ce take tafe da hular kwano a ƙirjinta. "Ga shi ya kama hanyar gida. Ga Tsohuwa bakin ƙohwa. Ga kwano ruhe..."

Nan ya tsaya.

"Ci gaba mana," in ji Habsatu. "Ya wanke hannu?"

Ta laluba ta kama wuyan hannunsa, ta saukar da wayar kan tabarma.

"Tahinta, aje abin ga. Ranar kasat na tara, ido nar rasa, ba kunne ba. Na ji kiɗin da anka sa, ba a yi ma mai dawowa irin wanga kiɗi. Na ji ɗiyan mutane na jan hanci. Nau yaron ma bai ci tuwo ba. Tun ba ka kashe janareta ba na san Auta ya mutu."

"Don mi ba ki ce komi ba?"

"Ranan kai ma kana son wani shi dawo. Kuma taka hwassarar ta hi tasu daɗi."

Akuya ta yi kuka a tsohuwar rumfa. Hannunta yana nan a kan nasa.

"Ran da kaz zo da wuri ina tankaɗe, kak karanta mini saƙo. Har kusan ƙarshe murna nikai. Sai kac ce, ki aje mini tuwo, ina nan tahe. Wagga ai maganar Auta ta. Kai kay yi ta da bakinka, ina bayan wagga zana. Ko kalma guda ba ka canza ba."

Shekara uku Munkaila yana tauna saƙonnin nan yana duba inda za a kama shi, bai taɓa lura ba. Bakinsa ya ɗauko tsohuwar ƙaryar da kansa, domin ita kaɗai ya sani ta irin wannan rana.

"Shekara ukku," ya ce da ƙyar. "Shekara ukku kina zuba tuwo."

"Na ji yadda kaka numhwashi ranan. Nac ce in na buɗa baki yanzu wanga mutum hwaɗuwa za shi yi. Bari in jira har shi iya ɗauka, shi shigo shi hwaɗa mini da kainai. Kullum Juma'a ina jira, kullum sai ka zo da sabon labari. Na gaji, Tahinta. Na gaji da yin kuka da bakin zane cikin baki don kar ka ji. Ni ma uwa ta, ina son a zo a yi mini gaisuwa."

Ta saki hannunsa ta gyara zama, ta juyo da fuskarta daidai inda yake.

"Shu'aibu," ta ce.

A hankali sunan ya fito, baƙo ne a bakinta. Shekara ashirin da tara tana kewaye shi.

"Shu'aibu ɗana. Ina anka ruhe shi? An yi mai salla?"

Ya gaya mata yadda Abdulmajid ya gaya masa, injin da ramin da gindin dutsen, bai ƙara ba bai rage ba. Ya shiga ɗaki ya zubar da kaset ɗin a ƙasa, ya ɗauko ƙunshin ya sa mata a cinya. Ta shafa salular ta ajiye gefe. Sifanar ta riƙe da hannu biyu, ta kai hancinta tana neman warin baƙin mai, sannan ta fasa kukan da maƙwabta suka ji har gida na uku. Mata suka fara shigowa da mayafai a hannu. Kafin su kewaye ta ta ɗago kai.

"Tahi wurin liman kahin magariba. Ka kira Firdausi. Ka hwaɗa musu yadda yake, kar ka gyara komi."

Ya je, ya faɗa. Liman ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ɗaga hannu aka yi addu'a. Aka kori awaki, aka share tsohuwar rumfar kallo, aka shimfiɗa tabarmin zaman makoki. Duk abin nan idon Munkaila a bushe yake, yana amsa gaisuwa yana cewa an gode.

Washegari da safe, kafin mutane su fara zuwa, ya zauna inda ya saba zama, ya miƙa hannu wurin da ake tura masa ɗumame. Babu komai a wurin. Kwano na uku yana can kan turmi, an wanke shi an kife. Munkaila ya daɗe da hannunsa a miƙe, sannan ya yi kukan ɗansa.